Fankam Fankam Ba Shi Ne Kilishi Ba: Martani Ga Masu Raina Ƙaramin Akwatin Bes

 Yau dai a kan sana'armu zan yi magana, kuma na san wasu daga cikin abokan aikina za su ji haushi, to sai dai su yi haƙuri, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni makaɗin jitar bes ne a nan Ikko, da ita nake ci, da ita nake biyan kuɗin haya, da ita nake aika ɗan abin da ya samu gida. Kuma ina faɗa da babbar murya cewa ƙaramin akwatin sautin nan da ake kira kombo, wato wanda aka haɗa amfilifaya da sifika a jiki ɗaya, ya wadatar da mai bes a mafi yawan wasannin da muke yi a garin nan. Masu cewa sai ka zo da akwati kamar firji kafin a san kai makaɗi ne, da ido suke sauraren kiɗa.

Bari mu fara da inda wannan aƙida ta girman akwati ta samo asali, domin tana da dalili a zamaninta. A shekarar 1951 ne kamfanin Fender na Amurka ya fito da jitar bes mai aiki da lantarki wadda ya sa wa suna Precision. A 1960 kamfanin Ampeg ya fito da wani akwati mai suna B-15, sifika ɗaya ce a cikinsa mai faɗin inci 15, ƙarfinsa kuwa bai wuce wat 25 zuwa 30 ba. Da irin wannan ɗan akwatin aka san James Jamerson, mutumin da ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin Motown, wanda har gobe masu koyon bes suke bin sawunsa. Sai a 1969 Ampeg ɗin ya fito da SVT mai wat 300, wanda kansa kaɗai ya kusa kilo 40, akwatinsa mai sifika takwas kuwa ya haura kilo 60. Me ya kawo shi? A lokacin manyan ƙungiyoyi irin su Rolling Stones sun koma wasa a gaban dubban mutane, lasifikokin taro kuwa muryar mawaƙi aka fi ɗora musu, don haka dole akwatin mai bes ya isar da sautinsa har ƙarshen fili da kansa. Wancan zamanin ya wuce. Yau duk ɗakin taron da ya amsa sunansa a Ikeja ko Surulere, da duk mai ba da hayar kayan sauti, yana da miksa da manyan sifikoki masu ɗaukar sautin ƙasa. Aikin da firjin yake yi a 1969, yau waɗannan ne suke yin sa.

To mene ne aikin akwatin da ke bayana a kan dandamali? In ji kaina, mai ganga ya ji ni, mai fiyano ya ji ni. Shi ke nan. A bayan kowane kombo na kirki akwai wani rami mai ƙafa uku da ake kira XLR. Waya ɗaya za a ja daga nan zuwa miksa, injiniyan sauti ya raba wa jama'a bes ɗin daidai yadda ɗakin yake buƙata. Wanda ya zo da firji ya ƙure shi kuwa, ya ƙwace wa injiniya aikinsa. Sautin firjin zai shiga makirfon mawaƙi, ya shiga na mai ganga, sannan ya yi karo da wanda ke fitowa daga manyan sifikoki, sai ka ga teburin gaba ƙirjinsu na rawa, na tsakiya kuma ba sa jin komai. Daga nan mai ganga zai ƙara duka don ya ji kansa, mai fiyano ya ƙara nasa, mawaƙi ya koma ihu. Duk wanda ya taɓa zuwa dinar biki ya kasa jin sunan amarya a bakin mawaƙi ya san abin da nake faɗa.

Masu jayayya da ni kullum lamba suke kawo mini. Wai nasu wat 1000 ne, nawa wat 200. To mu yi lissafin tare. Idan ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, wato ɗan bambancin da kunne zai lura da shi amma ba zai girgiza kowa ba. Kafin kunnen ɗan Adam ya ji kamar ƙara ta ninka biyu, sai an ƙara kimanin desibel 10, wannan kuwa sai ka ninka wat ɗin sau goma. Ke nan tsakanin mai wat 200 da mai wat 400 babu wata tazarar da za a tara 'yan dako a kanta. Ban da haka, lambar da ake mannawa a jikin wasu akwatunan da ake haɗawa a kasuwa ba ta da alaƙa da abin da ke ciki. Duk wanda ya saba shiga Alaba ya ga akwatin katako mai rubutun dubban wat wanda in ka buɗe cikinsa sai ka yi salati.

Akwai kuma abin da yawancin yaranmu ba a gaya musu ba. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, kuma tsawon igiyar wannan sauti a iska ya haura mita 8. Sauti irin wannan ba ya bin hanya ɗaya, ko'ina yake bazuwa, yana dukan bango yana dawowa. Ɗakunan taronmu kuwa tayil ne a ƙasa, siminti a gefe, wasu ma kwano a sama. Ka cika irin wannan ɗaki da sautin ƙasa, abin da za a ji gurnani ne kawai, ba wanda zai bambance wannan bugu da wancan. Abin da ke sa a gane me mai bes yake kaɗawa shi ne sautin tsakiya, kuma sifika ɗaya mai inci 12 ko biyu masu inci 10 suna fitar da shi tsaf. Dabarar ba ta da wuya. In kana son ƙarin kauri ka matsar da akwatin kusa da bango, bangon zai ƙara maka kyauta. In ba ka jin kanka ka ɗora shi a kan kujera ko ka kishingiɗar da shi ya fuskanci kunnenka, tunda ba a gwiwa kunnenka yake ba. In ɗakin na gurnani ka rage sautin ƙasa ka ɗan ƙara na tsakiya.

Yanzu mu zo kan maganar da ta fi shafarmu mu 'yan ci-rani, wato aljihu da gadon baya. Kombo na zamani ba irin na da ba ne. An samu amfilifaya nau'in da ake kira rukunin D wadda ba ta buƙatar ƙatuwar taransifoma, aka kuma samu maganaɗisun niyodimiyam mara nauyi da wasu kamfanoni ke sa wa sifikokinsu. Fender Rumble 100 kimanin kilo 10 ne. Rumble 500 mai sifika biyu bai kai kilo 17 ba. Kamfanin Markbass na Italiya ya yi suna ne da irin waɗannan ƙananan akwatuna masu wat 300 da mutum zai ɗauka da hannu ɗaya. Ni in na tashi daga Agege, jita a baya, akwati a hannu, danfo ma ta ishe ni, iyaka in biya kuɗin kujera biyu. Mai firji fa? Sai ya yi shatar mota zuwa da dawowa, ya biya 'yan dako, ya sallami 'yan tasha, kuma in wasan a hawa na uku ne babu lif, to ranar bayansa zai gaya masa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, amma abin da ake biyan mai bes bai bi shi ba. Ka zauna ka cire kuɗin mota daga abin da aka ba ka, sannan ka gaya mini wa ka yi wa aiki a daren, iyalinka ko direba.

Ga kuma maganar wuta. Ko da yake NEPA ta canza suna tun 2005, an kuma sayar da kamfanonin rarraba wutar a 2013, a wurin biki dai janareto ne sarki. Amfilifayar rukunin D tana mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ta sha zuwa aiki, tsofaffin kuwa kaso mai yawa a zafi yake tafiya. Idan ƙaramin janareto ne ke ɗauke da fitilu da fanka da miksa, kowane wat yana da daraja, kuma babu abin kunya kamar ka daki tsirkiya fitilun mai biki su yi ƙasa. Wutarmu kuma tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kusan daidai da sautin da ke gaɓa ta uku a tsirkiya mai kauri, shi ya sa kukan wuta yake cakuɗuwa da bes fiye da kowane kayan kiɗa. Yawancin kombo masu ramin XLR suna da ɗan maɓalli a gefensa na yanke wannan kukan. Wanda zai saya ya duba ya tabbatar akwai shi.

Abin da ya fi duk waɗannan girma shi ne kunne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa, ta ce kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100 a ma'aunin minti 15. Masana lafiyar ma'aikata sun daɗe da cewa desibel 85 na awa 8 ne iyaka, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Mu kuwa awa huɗu, awa biyar muke yi a tsaye, taku biyu tsakaninmu da akwati. Ƙwayoyin jin da ke cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. Na san dattawa a sana'ar nan da sai ka ɗaga murya kafin su amsa sallama, wasu kuma da kukan gyare a kunne suke kwana suke tashi. Makaɗin da ya rasa kunne me ya rage masa? Ga hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, wadda ta sha rufe wuraren shaƙatawa da wuraren ibada saboda ƙara. In aka rufe wuri, mu masu kiɗa ne farkon waɗanda abincinsu zai tsaya.

Kada wani ya ce na ce ƙaramin akwati maganin kowace cuta ne. A'a. In wasa a fili ne, an toshe titi an kafa rumfuna, kuma babu manyan sifikoki, to kombo shi kaɗai ba zai kai ba, domin babu bangon da zai taimake shi. Amma maganin wannan shi ne mai taro ya yi hayar kayan sauti, ba a ɗora wa talakan mai bes nauyin cika unguwa da aljihunsa ba. Haka kuma ɗan akwatin koyo mai wat 15 ko 25 da sifika inci 8, wannan na cikin ɗaki ne, wanda ya kai shi gaban mai ganga ya zalunci kansa, araha ba ta ado. A ganina, in za ka tsaya da mai ganga, ka nemi mai wat 200 zuwa sama, ko aƙalla 100 in ƙungiyar ba ta da hayaniya, mai ramin XLR, in da hali mai wurin ƙara akwati na biyu saboda ranar da za a buƙata. Daidai ruwa daidai tsaki.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda shugabannin ƙungiyoyi suke tura yara cikin bashi. Yaro ya baro Zariya ko Jos ya zo neman na kansa, hannunsa na da kyau, sai a ce masa ba za a ɗauke shi ba sai ya mallaki babban akwati, wai don masu biki su ga kaya su yarda da farashi. Sai ya ci bashi ya sayi tsohon kaya ɗan gwanjo mai nauyin buhun siminti biyu, rabin abin da yake samu ya tafi a mota, sauran a wurin mai gyara. In shugaba yana son adon dandamali, ya saya da kuɗinsa. Ku kuma masu biki, don Allah ku daina ƙirga akwatuna, ku tsaya a tsakiyar ɗaki lokacin gwaji ku saurara, abin da baƙinku za su ji ke nan.

Mu Hausawa ma bai kamata a ce ana koya mana wannan ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna, tsirkiya ɗaya a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, kuma da shi ya tsaya gaban shugabanni, ya fita ƙasashen waje. Babu wanda ya taɓa cewa ya koma ya ƙaro girman gwangwani. An sa masa makirfo, hannunsa da bakinsa suka yi sauran aikin. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Don haka ƙannena masu tasowa, kuɗin da za ku zuba a katako ku sayi tsirkiya mai kyau da waya mai kyau da abin toshe kunne, ragowar ku aika wa tsofaffi a gida. Lokacin da za ku ɓata wajen jiran motar kaya ku zauna da mai gangarku ku gyara bugu. Wanda kuma yake da ja a kan abin da na faɗa, ƙofa a buɗe take, ya zo da firjinsa in zo da ɗan akwatina, a ja wa kowa waya zuwa miksa, a sa alƙalai su juya baya su saurara.

Allah ya ba mu sa'a, ya tsare mana kunnuwanmu da mutuncinmu a wannan baƙon wuri. Sai mun sake haɗuwa, wassalam.