Ba Nisan Tafiya Ke Yin Marubuci Ba

In aka tambaye mu aikin da muke so mu yi bayan mun gama makaranta, galibinmu likita ko injiniya ko lauya muke ambata. Ni kuwa burina shi ne in zama marubucin labarin tafiye-tafiye, watau mutumin da zai shiga wata ƙasa ya ga zaman mutanenta, ya komo ya rubuta wa waɗanda ba su je ba. Wasu abokaina su kan ce wannan aikin 'ya'yan masu hali ne, domin sai mai kuɗin jirgin sama ke ganin duniya. Ni ban yarda ba. A ganina ba nisan tafiya ke sa marubuci ya yi suna ba, abin da ya yi da idonsa da kunnensa da alƙalaminsa shi ne magana. Ga dalilaina.

Da farko mu dubi kakanninmu. Bahaushe bai taɓa zama rago wajen tafiya ba. Fatake sun yi ta kora jakuna har Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, su sayo goro. Alhazan dā sun bi ta Borno da Wadai da Darfur a ƙasa, wani ya shekara da shekaru kafin ya ga Makka, wani ma ya zauna a Sudan har ya bar jikoki. To, ina labarin abubuwan da suka gani? Mafi yawansa ya bi su kabari, domin a baki ya tsaya. Da nisa ke yin marubuci, da ɗakin karatunmu ya cika da littattafansu.

Saboda haka abu na farko da mai wannan buri ke bukata shi ne littafin rubutu, da haƙurin cika shi kullum. Akwai wani Bajamushe, Dokta Heinrich Barth, wanda ya taso daga Tarabulus a 1850, ya ratsa hamada, ya iso Kano a 1851. Ya ga Kukawa da Sakkwato da Tambutu, bai koma Landan ba sai 1855. Abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, duk sun mutu a hanya, shi ma ya sha zazzaɓi da bashi, amma bai daina rubutu ba. Ya rubuta sunayen garuruwa da nisan da ke tsakaninsu, da farashin kaya a kasuwa. Ya ƙiyasta mutanen Kano sun kai 30,000, ya kuma bayyana yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Littafinsa ya fito kashi 5 a 1857 da 1858, har gobe masana tarihi na komawa gare shi. Wanda ya ce zai riƙe kome a ka sai ya isa gida, zai tarar rabi ya zube a hanya.

Abu na biyu shi ne harshe da yawan tambaya. Hausawa sun ce baƙo ko yana da ido makaho ne. Abin da ke buɗe masa ido shi ne ya ji maganar mutanen gari da kansa. Barth ya zo da Larabcinsa, a nan ya koyi Hausa da Barbarci da Filatanci, har ya riƙa kiran kansa Abdulkarim. Shi ya sa ya iya zama da malamai da fatake ya ji ta bakinsu. Marubucin da ya tsaya a masaukin baƙi yana leƙen gari ta taga, labarin taga zai kawo mana. Mu kuwa a nan makaranta Allah ya hutasshe mu, ga yara daga ƙabilu iri iri muna kwana ɗaki ɗaya. Wanda ya koyi gaisuwa da ƙidaya da cinikin kasuwa a harshen maƙwabcin gadonsa, ya riga ya kama hanya tun bai sa takalmi ba.

Abu na uku, kuma shi ne babba, gaskiya. Matafiyi yana da wata jarrabawa da sauran marubuta ba su da ita, domin ya san mai karatu bai je wurin ba, ko ya ƙara gishiri ba mai kama shi nan take. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ku dubi Ibn Baɗuɗa, wanda ya bar Tanja ta ƙasar Maroko a 1325 yana da shekara 21, ya yi kusan shekara 30 yana yawo. Ya zo Mali a 1352, ya biyo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yanzu. Da ya koma gida aka sa wani malami, Ibn Juzayy, ya rubuta abin da ya faɗa. Labarinsa na Mali yana da daraja ƙwarai, domin ya yabi abin yabo, kamar zaman lafiyar hanya da cika masallaci ran Jumma'a, ya kuma faɗi abin da bai yi masa daɗi ba. Duk da haka masana sun gano an kwaso wasu sassan littafin, kamar bayanin Dimashƙa, daga littafin Ibn Jubayr wanda ya riga shi, suna kuma shakkar ko ya taka wasu wuraren da ya ambata. To, in babban matafiyi kamar wannan bai tsira daga bincike ba bayan shekara fiye da 600, ina ga ƙaramin marubuci a zamanin intanet? Abin da ka gani ka ce ka gani, wanda aka gaya maka ka ce an gaya maka.

Abu na huɗu, ka san wanda kake rubuta wa. A 1943 Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila tare da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, da Hausa, domin mutanensa. Turawa dubu sun rubuta labarin Landan, amma ba wanda zai san abin da zai ba Bahaushe mamaki a can sai Bahaushe. Tun kafin shi ma akwai Dorugu, wani yaro daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, daga baya aka 'yanta shi, ya bi Barth har Landan a 1855. Wani Bature mai suna Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Sa'ad da ya ba da labarin nan kusan tsarana ne, ba shi da dukiya, ba shi da gata. Wa zai ce mini kuma sai ɗan mai kuɗi?

Wani zai ce, yanzu da kowa ke da waya mai ɗaukar hoto, me za a yi da dogon rubutu? Hoto abu ne mai kyau, gani ya kori ji. Sai dai hoto zai nuna maka kasuwa, ba zai gaya maka dalilin da ya sa hatsi ya yi tsada bana ba, ko abin da ya sa matasan garin suka watse ci-rani. Wannan sai wanda ya zauna ya tambaya.

Wani kuma zai ce, aikin nan yana ciyar da mutum? Gaskiya ɗaya ce, da wuya ya ciyar da kai shi kaɗai tun farko. Ibn Baɗuɗa alƙalanci ya yi a Delhi ta ƙasar Indiya, Abubakar Imam aikin jarida ne ya kai shi Ingila. Don haka kada kowa ya yi wasa da darasin tarihi da labarin ƙasa da harsuna, su ne jarin. Ni a wurina babban rabon marubuci shi ne a buɗe littafinsa bayan ba ransa, a ce mutumin nan ya faɗi gaskiya.

Abin da ke damuna shi ne, in muna son sanin yadda Kano take a 1851, sai mun nemi littafin baƙo, wanda gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, da idon baƙo kuma ya dube mu. Idan muka yi sake, jikokinmu ma wajen baƙi za su nemi labarinmu.

Ga hutu ya matso. Ina roƙon kowane ɗalibi ya sayi ƙaramin littafi ya sa a aljihu. Daga ƙofar makaranta zuwa ƙofar gidanku ma tafiya ce. Ka rubuta kuɗin mota, da garuruwan da kuka wuce, da abin da aka shuka a gefen hanya, da hirar da fasinja suka yi. In ka isa, ka nemi izinin iyaye ka je kasuwar ƙauyen da ke kusa, ka gai da dattawa, ka tambaye su asalin sunan garin. In mun komo mu kawo wa editan wannan mujalla ya zaɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya kai mu gida lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.