Ra'ayinmu: A Gina Matatar Sigina, A Kuma Auna Ta

A cikin rauta ta Wi-Fi da na'urorin rediyo akwai matata, wato rariyar da ke barin siginar da ake so ta wuce, ta tare sauran. Ɗaya daga cikin masu arha ita ce wadda ake zanawa a jikin allon lantarki: siraran layukan jan ƙarfe jere gefe da gefe, ba sa taɓa juna, sigina ce ke tsallaka 'yar tazarar da ke tsakaninsu. Seymour Cohn ne ya fitar da lissafin irin wannan matata a 1958, kuma har yau da shi ake koyar da ɗaliban injiniyan lantarki.

Gardamar da ake yi a tsakanin malamai da ɗalibai ta allo ce: FR4 ko Rogers. Masu cewa sai Rogers suna da hujja. A kan allon FR4 mai kaurin milimita 1.6, matatar gigahaz 2.4 na bukatar layuka masu tsawon kimanin milimita 17, rubu'in tsawon igiyar siginar. Lissafin ya dogara ne da wata lamba ta allon da ake ɗauka 4.4 ce. To idan allon da ɗalibi ya sayo a kasuwa 4.2 ne, zangon matatar zai gusa sama da kusan megahaz 50, alhali faɗin zangon Wi-Fi ɗin gaba ɗaya megahaz 83.5 ne. Ga shi FR4 na shanye ƙarfin sigina kusan ninki bakwai na allon Rogers RO4003C. Duk wannan gaskiya ne.

Amma Rogers tsada gare shi, daga waje ake odarsa, a jira makonni. Abin da ke damunmu shi ne abin da wannan tsadar ke haifarwa: ɗalibi ya zana matata a kwamfuta, ya buga kyakkyawan jadawali, ya kare aikinsa, bai taɓa riƙe allon a hannu ba. Wanda ya taɓa tsoma allo a ruwan sinadari, ya ga ya cinye gefen layi, ko tazarar milimita 0.2 ta toshe da ragowar jan ƙarfe, ya koyi abin da manhaja ba ta nunawa. Haka nan ƙofar banza da irin wannan matata ke buɗewa a ninki biyu na zangonta, wajen gigahaz 4.8, saboda siginar da ke tafe cikin allo da wadda ke bin iska ba gudu ɗaya suke yi ba: sai an gan ta a na'urar awo take zama a kai.

Matsayinmu shi ne, kada a karɓi aikin matata daga ɗalibi sai an gina ta an auna. Ƙasa da gigahaz 3, FR4 ya wadatar, da sharaɗin a fara yanka ɗan layin gwaji a gano ainihin lambar allon, sannan a gyara tsawon layukan. Ƙananan na'urorin awo irin NanoVNA sun sauko da kuɗin wannan aiki ƙwarai, sashe guda zai iya sayen da yawa. Aikin da ya haura zuwa gigahaz 3.5, zangon 5G da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjonsa a Disamban 2021, ko wanda ke son siririn zango, a nan sashen ne ya kamata ya sayi Rogers, ya raba wa ɗalibai.