Yamai da Filinge: nisan sama da nisan ƙasa

Wanda ya shimfiɗa taswirar ƙasarmu ya ja layi miƙaƙƙe daga Yamai zuwa Filinge, zai samu kimanin kilomita 160. Wannan shi ake kira nisan sama, wato hanyar da jirgi yake bi ba tare da kwana ko gangara ba. Ƙaramin jirgi da ya tashi daga filin Diori Hamani ba zai cika awa guda ba kafin ya hango duwatsun Dallol Boso da gonakin geron Kurfai. Ta hanyar mota kuwa, wadda ta bi ta Baleyara, tafiyar kimanin kilomita 180 ce.

Saboda wannan lissafi ne wasu ma'aikata a ofisoshin babban birni suke cewa Filinge bayan gida ce, ba ta cikin garuruwan nesa da ake yi wa tanadi na musamman. Wannan ra'ayi ba daidai ba ne. Lissafin gaskiya ne a kan takarda, amma ba da shi Kurfayawa suke tafiya ba. Babu jirgin fasinja da ke sauka Filinge, kuma ko da akwai, manomi ba shi da kuɗinsa. Jirgi yana da amfani ga Agadas, wadda mota take yi wa fiye da kilomita 900, ko ga Bilma da ke tsakiyar rairayi. A Kurfai, kafin a gama awon kaya da jiran tashi, mota mai lafiya ta kusa Baleyara.

Nisan da ya dami talaka wani ne daban. Mace mai naƙuda da haihuwa ta gardama a wani ƙauye na Abala ko Sanam, sai an fara neman amalanke ko babur, a kai ta ɗakin shan magani, daga nan a jira motar marasa lafiya zuwa asibitin Filinge, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce da ita Yamai. Kowane zango yana cin sa'o'i, da damina kuma ƙorama ɗaya ta isa ta tsai da tafiyar har gari ya waye. Haka makiyayi mai kora dabbobi zuwa kasuwar Lahadi ta Baleyara, da kwanaki yake ƙidaya hanyarsa.

Rashin tsaro ya ƙara tsawon hanyar. A shekarar 2020 hukuma ta hana hawan babur a sassa da dama na jihar Tilaberi, alhali shi ne abin hawan ƙauye. A watan Maris na 2021 ƴan bindiga sun tare fatake masu dawowa daga kasuwar Banibangu, suka kashe mutane da yawa. Direban da ya ji irin wannan labari ba ya yarda ya yi tafiyar dare, ko nawa za a ba shi.

Don haka ya kamata masu raba kasafi su riƙa auna nisan gari da sa'o'in da mara lafiya yake yi kafin ya ga likita. In aka auna haka, abin da Kurfai take bukata a bayyane yake: a riƙa gyaran kwalta kafin ramuka su cinye ta, a gina gadoji a kan ƙoramu, a ba asibitin Filinge likitan fiɗa da jini da man mota, yadda mafi yawan masu ciwo ba sai sun kama hanyar Yamai ba.