Hanyar Sakkwato zuwa Sabon Birni da Haƙƙin da ke Wuyan Hukuma

Duk matafiyin da ya fita daga Sakkwato ya fuskanci gabas maso arewa, ya ratsa Achida, ya wuce mararrabar Wurno, ya yada zango a Goronyo, sa'an nan ya miƙe zuwa Sabon Birni da Isa, to, haƙiƙa sawun magabata yake takawa, domin tun kafin a san kwalta a ƙasar nan fatake da mayaƙa da almajirai suke bin kwarin gulbin Rima. A gabashin wannan yanki Alƙalawa take, birnin Gobir wanda ya faɗi a hannun jama'ar Shehu a 1808. A Wurno kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, ya zauna a cikinsa har Allah ya karɓi ransa a 1837, kuma can hubbarensa yake.

A kan wannan ribaɗi muke so mai karatu ya tsaya ya yi nazari. Bello, da yake malami ne masanin siyasar mulki, ya fahimci cewa hanya ba ta samun aminci sai da garuruwan da ke kanta, saboda haka ya zaunar da jama'a a bakin iyaka, suna noma suna tsaro, yadda ayari zai kwana a inda akwai ganuwa, da alƙali, da mai amsa kuwwa.

Daga baya hanyar ta zama ta arziki, musamman bayan an gama madatsar ruwan Goronyo a 1984. Wanda ya taɓa ganin buhunan albasa da tafarnuwa jibge a bakin titi da rani, 'yan dako na lodi, direba na ciniki da dillali, ya san yawan gidajen da ke ci daga gare ta.

Yau fa? A Oktoban 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutane da dama, a Disamban shekarar kuma aka ƙone matafiya a cikin motarsu kusa da Gidan Bawa, tsakanin Sabon Birni da Isa. Allah ya jiƙansu da rahama. Hanyar dajin Gundumi, wadda ke rage nisa zuwa Isa, direbobi sun daɗe suna gudunta.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, ko da an zuba sabuwar kwalta an gyara kowace kwalbati, alhali ƙauyukan gefen titi sun zama kufai, ba a sauke nauyin ba. Wajibi ne gwamnatin jiha da ta tarayya su kafa sansanonin tsaro na dindindin a tsakanin garuruwan nan, su mayar da masu gudun hijira gonakinsu kafin faɗuwar damina, su kuma riƙa shawara da hakimai da ƙungiyar direbobi, waɗanda suka san kowace kwana da kowane mashigi da ake yi wa mutane kwanton ɓauna.