Gargaɗin Ambaliya Bai Isa Fadama Ba

Jama'a, yau ba zancen taki za mu yi ba. A watan Satumba na 1922 ba mu da waya, ba mu da rediyo, sai mai shela. A Satumba na 2022 kuwa, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ya biyo Binuwai ya cinye gonaki tun daga Adamawa har Lakwaja, muna da su duka.

Hukuma ta ce ta yi gargaɗi. Gaskiya ne, ni ma na karanta a shafinta na intanet da Facebook, da Turanci, wai jiha kaza da jiha kaza su yi hattara. To, manomin fadama mai 'yar waya mai tocila, ina zai gani? Ko ɗansa ya karanta masa, sunan jiha bai gaya masa ya yanke shinkafarsa ko ya dakata ba.

Ban ce a daina ba, akawu da ɗan kasuwa suna amfana. Amma ran da aka sa labari a intanet, ran nan a aika wa hakimi da dagaci, a faɗa a rediyo da Hausa da Fulatanci, a ambaci sunan ƙauye da kwanakin da suka rage kafin ruwa ya iso. Mu malaman gona, a ba mu man babur mu kai.