Kafin Ka Ce Inji Ya Faɗi Jarrabawa, Wa Ya Jarraba Amsarka?

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, rigima na zo ja, kuma da mutane iri biyu zan ja ta. Na farko su ne masu ɗora wa injin wasan ces jarrabawa, da zarar bai zaɓi takun da ke rubuce a takardarsu ba sai su hau shela cewa inji ya faɗi, inji daƙiƙi ne. Na biyu kuwa su ne waɗanda suka mayar da injin kamar boka, duk lambar da ya nuna masu sun karɓa, ba tambaya ba musu. Dukkansu ciwo ɗaya ke damun su, wato ƙyuyar zama a bi taku ɗaya bayan ɗaya a kan allo.

Ga wanda bai saba da harkar ba, ces shi ne wasan nan mai kama da dara da ake yi a kan allo mai gida 64, kowane ɓangare da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, doki biyu, giwa biyu, wato ɗan da Turawa ke kira bishof, sai ƙananan sojoji takwas. Injin ces kuma manhaja ce ta kwamfuta da ke lissafin taku. Tun watan Mayun 1997 da Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov da maki 3.5 da 2.5 a birnin New York, maganar wa ya fi ƙarfi ta soma mutuwa. Yau manhajar Stockfish da kowa ke iya saukewa kyauta a waya ta fi ƙarfin kowane ɗan Adam. To ta yaya ake gwada irin waɗannan injuna? Hanya ɗaya da ta daɗe ita ce a tara jeri masu wuya, wato a jera 'ya'ya a kan allo yadda suka taɓa kasancewa a wani wasa, a rubuta a gefe cewa ga taku mafi kyau, sannan a ba inji a ga ko zai gano shi. Ya gano, maki ɗaya. Bai gano ba, sifiri.

A ido abin ya yi kama da adalci. Amma ya kai mai karatu, tsaya ka tambaya: wa ya rubuta amsar? Mutum ne. Yaushe ya rubuta? Sau da yawa tun kafin a haifi injin da ake gwadawa. Ɗauki shahararriyar jarrabawar nan mai jeri 300 da aka ciro daga littafin Fred Reinfeld mai suna Win at Chess. Reinfeld ya rasu tun 1964, kuma ya rubuta littafinsa ne don masu koyo, ba don awon kwamfuta ba. Shekara da shekaru masu ƙera injuna suna awo da shi, ana ta gano cewa a jeri da dama akwai taku biyu ko uku da duk suke kai ga nasara, amma takarda ɗaya tak ta sani. A jeri na 230 littafin ya ce baƙi ya sadaukar da hasumiyarsa don sojojinsa su samu hanya. Daga baya masu nazari suka fito wa fari da wata kariya da littafin bai ambata ba, aka shiga gardamar ko takun nasara yake kawowa ko canjaras. To duk injin da aka ba sifiri a wannan jeri kafin gardamar ta taso, wa zai biya shi hakkinsa? Haka jarrabawar Bratko da Kopec ta 1982 mai jeri 24, haka ta Bafaranshen nan Pierre Nolot ta 1994 mai jeri 11. Ta Nolot ta gagari injunan zamaninta, amma da injuna suka ƙara ƙarfi sai ga shi wasu daga cikin amsoshin ne suka shiga tuhuma.

Wanda ya taɓa zama ajin sakandare ya san wannan ciwo. Yaro ya bi hanyarsa ya samo amsa daidai, malami ya duba takardar amsoshi ya ga ba haka aka rubuta ba, sai ya ja masa jan biro. Malamin bai yi lissafin da kansa ba, takarda ya bi. Idan takardar ce da kuskure, to shi kenan, an zalunci mai gaskiya kuma an koya wa sauran 'yan aji ƙarya.

Kada wani ya ce ai kwamfuta ce ta kawo wannan raini ga magabata. Tuhumar amsa ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1895 wani mai suna Barbier ya buga wani jeri a wata jaridar birnin Glasgow, 'ya'ya huɗu kacal a allo: fari yana da sarki da soja ɗaya, baƙi yana da sarki da hasumiya. Ya ce canjaras ne, domin idan sojan ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya, baƙi zai miƙa hasumiyarsa a cinye, sarkinsa ya rasa gidan takawa alhali ba a kai masa hari ba, wanda a dokar wasan canjaras ne. Sai wani fada ɗan ƙasar Sifen mai suna Fernando Saavedra, wanda ba wani gwanin wasa ba ne, ya ce a'a. Kada sojan ya zama sarauniya, ya zama hasumiya, nan take tarkon ya wargaje, fari ya ci wasa. Yau sunan Saavedra ake kiran jerin da shi. Da ya ce wane ni in ja da mai jarida, da har yanzu ana karanta kuskure.

Ga wani misalin da ya fi wannan nauyi. Tun 1851 Kling da Horwitz suka nuna wani tsari da suka ce doki ɗaya zai iya tsare kansa daga giwa biyu, masana suka karɓa, littattafai suka yi ta kwafar juna fiye da shekara 130. A 1983 Ken Thompson na cibiyar binciken Bell a Amurka ya sa kwamfuta ta lissafa duk yadda waɗannan 'ya'ya biyar za su iya zama a allo, tana farawa daga ƙarshen wasa tana dawowa baya. Sakamako ya nuna giwayen ne ke da nasara, ko da yake wani lokaci sai an haura taku 60. Abin ya kai hukumar ces ta duniya ta sassauta dokar nan ta taku 50 a wasu nau'o'in ƙarshen wasa, kafin ta dawo da ita yadda take a 1992. To da a ce a 1980 wani ya sa wannan jeri a jarrabawa, ai canjaras zai rubuta a matsayin amsa, kuma duk injin da ya ce akwai nasara sifiri zai samu.

Sai kuma wanda masu zagin inji suka fi so, wato wasan ƙwaƙwalwar da Gijs van Breukelen ɗan ƙasar Holan ya tsara, wanda James Plaskett na Ingila ya nuna wa manyan 'yan wasa a gasar birnin Brussels a 1987. Labarin da ya shahara shi ne Mikhail Tal, tsohon zakaran duniya, shi ya warware shi. An daɗe ana yawo da jerin ana cewa ga abin da ya gagari kwamfuta. Amma da aka zurfafa bincike sai aka tarar a taku na huɗu baƙi yana da wata mafita: maimakon ya bi hanyar da mai tsarawa ya shimfiɗa masa, sai ya matsar da sarkinsa gaba, nasarar fari ta ɓace. Har sai da aka gyara jerin kafin amsar ta tsaya da ƙafarta. Jama'a, wa ya faɗi jarrabawa a nan? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na san abin da za a ce mani. Za a ce to Shirov fa? Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba. A gasar Linares ta 1998 Alexei Shirov, yana wasa da Veselin Topalov, a taku na 47 ya ɗauki giwarsa ya ajiye ta inda soja zai cinye ta a banza, don kawai sarkinsa ya riga na abokin karawa isa tsakiyar allo. Nazari ya tabbatar da cewa takun yana kai ga nasara, kuma injuna sun ɗauki shekaru ba sa ganin sa. Dalili kuwa sananne ne: don inji ya hango nesa dole ya yi watsi da takun da a ido suka yi kama da wauta, kuma a cikin waɗanda yake zubarwa ne wani lokaci zinariya take. Haka a 2017 masanin lissafin nan Roger Penrose ya fitar da wani jeri inda baƙi ke da giwa uku da tarin manyan 'ya'ya da sojoji suka kulle. Injunan lokacin suka yi ta nuna baƙi ya yi rinjaye mai yawa, alhali mai koyo ma zai gane fari ba abin da zai yi sai ya yi ta zagaye da sarkinsa har a tashi canjaras.

Waɗannan misalai biyu su ne sandar da nake dukan rukuni na biyu da ita, masu bautar lamba. Lambar da inji ke nunawa kintace ne, ba hukunci ba. Inda ake da tabbas ɗari bisa ɗari shi ne inda aka gama lissafa komai, kuma cikakken jadawalin ya tsaya ne a 'ya'ya bakwai. A 2012 aka kammala irin wannan jadawali a jami'ar Mosko, a ciki har da jerin da sai an yi taku 549 kafin a kashe sarki. Wasa kuwa da 'ya'ya 32 yake farawa. Tsakanin bakwai da talatin da biyu, da littafi da inji duk masu ba da shaida ne, babu alƙali a cikinsu. Amma ka lura da abu guda: abin da ya sa muka yarda da takun Shirov ba don sunansa Shirov ba ne, don an bi kowace kariya an ga ta rushe ne. Awon da ya wanke Shirov shi ne ya kama jerin Plaskett. Mudu ɗaya ne, kuma shi nake so a riƙa auna kowa da shi.

Ɓarnar jarrabawa mai gurɓatacciyar amsa ba ta tsaya a kan maki ba. Mai ƙera inji idan ya ga ana yabon wanda ya ci 290 cikin 300, sai ya koma yana murɗa injinsa don ya dace da takarda, kamar ɗalibin da ya haddace tambayoyin bara. Maki ya hau, ƙarfin wasa bai ƙaru ba, wani lokaci ma ya ragu. Shi ya sa masu kula da Stockfish ba da irin wannan jarrabawa suke yanke hukunci ba. Duk gyaran da wani ya kawo sai an buga wasa dubbai tsakanin sabon inji da tsohon, idan ya yi rinjaye a karɓa, idan bai yi ba a watsar, ko wane ne ya kawo shi.

Ko manya ma ba su tsira daga tuhuma ba. A Disambar 2017 kamfanin DeepMind ya sanar cewa AlphaZero ta kara da Stockfish sau 100, ta ci 28, aka yi canjaras 72, ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Mutane suka ce a tsaya, an ba Stockfish minti ɗaya tak a kowane taku, an kuma hana ta littafin buɗe wasa. A 2018 aka fitar da sakamakon wasa 1,000 da sharuɗɗan da suka fi kyau: AlphaZero ta ci 155, aka ci ta 6. A nan ma ita ce ta yi rinjaye, amma wannan karon magana ta fi tsayuwa. Tambaya ba ta rage wa mai gaskiya komai, mai ƙarya kaɗai take tsorata.

Saboda haka ga sharaɗina ga duk mai son ya gwada inji ya zo ya ba mu labari. Ka faɗi wane inji, wane zubi, a kan wace na'ura, minti nawa ka ba shi. Ka kawo amsarka tare da jerin takun da ke bayanta har inda nasara ta fito fili. Idan inji ya zaɓi wani taku daban, ka buga nasa ka buga naka, ka bar shi ya kare kansa daga naka, ka gani ko amsarka za ta rayu. Idan duka biyun suna kai ga nasara, ka ba shi makinsa ko ka cire jerin. Idan naka ya rushe, ka fito ka faɗa, ka gyara takarda don na baya. Yara da yawa yanzu a waya suke koyon wasan nan, kuma abin da aka ce masu shi ne daidai shi za su haddace.

Wanda bai iya wannan wahala ba, to ya yi shiru, domin ba inji ya gwada ba, haddarsa ya gwada. Mai ja kuma ya zo da allo da taku, kada ya zo da sunan wani babba. Gani ya kori ji. Allah ya sa mu dace.

Wassalam.