Kawu Ba Ya Biya Sai Ya Gwada

Duk hutun da na koma gida Birnin Kudu, da na gaisa da iyayena sai zauren kawuna. Ya haura shekara 65, ya daɗe da yin ritaya daga koyarwa, amma in ka leƙa zauren nan sai ka rantse shagon mai gyaran waya ne. Caja rataye a ƙusa, tsofaffin wayoyi a cikin kwanon sha, batirin sola a lungu, ga wata baƙar laftof da rabin haruffanta suka goge.

Da tafireta ya fara, tun yana buga wa ɗalibai jarrabawa. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 ya bi ta, har yau bai dawo ba. Bayan sallar asuba a waya yake sauraren labaran BBC Hausa. Lissafin gonarsa ta wajen Gwaram kuwa, kuɗin taki da iri da ladan masu cirar riɗi, duk a Excel yake. In zai sauke babban abu daga intanet sai ya jira dare, lokacin da data ta fi sauƙi. Maƙwabta tsofaffi kan kawo masa wayoyinsu ya duba musu ko fansho ya shiga.

Yana da aibinsa, kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Kawu ba ya iya wuce kaya mai araha. Fitilun caji huɗu gare shi, biyu ba su taɓa yin aiki ba, kuma matarsa ta gaji da magana. Sai dai a kan abin ajiyar bayanai da batir, ba ya sakin kuɗi sai ya gwada. Ni da nake jami'a, a hannunsa na koyi wannan, kuma sai da na sha wuya.

Bara na sayi mimori a wata tashar mota. An rubuta 64GB a jiki, kuɗin bai kai rabin na kanti ba. Na sa a waya, ta nuna 64 ɗin cif. Wata biyu ina zuba hotunan darussa da littattafai. Ana saura kwana biyar jarrabawa na buɗe, fiye da rabi sun ƙi buɗuwa. Sunayensu na nan, cikinsu fayau.

Da na kai wa Kawu, ko mamaki bai yi ba. Ya ce, "Ɗan nan, waya ba ta auna mimori. Abin da mimori ya faɗa mata shi take faɗa maka." Masu jabu sukan ɗauki ƙarami, misali mai 8GB, su sauya bayanin da ke cikinsa ya riƙa cewa shi 64 ne. Muddin ba ka wuce takwas ɗin ba, lafiya lau. Kana wucewa, sabon abu ya hau kan tsoho ya murƙushe shi, ko ya tafi inda babu komai. Ya sa shi a laftof, ya kunna wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika mimori taf sannan ta sake karanta abin da ta zuba. Nawa bai kai takwas ba ma. Wanda ba shi da kwamfuta, in ji shi, ya cika sabon mimori da bidiyo tun ranar farko, ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe.

Na san da yawanku 'yan aji shida kuna tara kuɗin laftof ta hannu, tunda JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Kawu yana zuwa Kano sayen irinsu, kuma ga yadda yake yi. Yakan ce a cire caja, ya zauna yana latse-latse na minti 20 yana kallon yadda batir ke sauka. Yakan danna kowane harafi, ya gwada kowace kafar USB. Yakan kuma tambayi wace Windows ce a ciki, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. A ganinsa irin wannan ta isa koyon buga rubutu da gwajin tambayoyin baya, amma dalili ne na a rage maka kuɗi, kuma shi ba ya shiga asusun bankinsa da ita. Mai kayan da ya hana ka gwadawa, ka yi masa sallama.

Darussan da na rasa sai wurin abokai na roƙo, wasu ban same su ba har muka shiga jarrabawa. Mimorin kuwa Kawu ya hana ni yar da shi. Ya manna shi da salatif a jikin ƙofar zaure, duk wanda ya zo neman shawarar sayayya sai ya fara nuna masa shi.